Tof silinda da ramukan ruwa: amsa ga direban da injinsa ke zafi bayan an haɗa shi

“Assalamu alaikum. Ni direba ne, ina da Toyota Sienna mai injin V6 da nake jigilar fasinja da ita tsakanin Birnin Kebbi da Yawuri. Gasket ya ƙone, aka sauke tof silinda biyun aka kai aka goge fuskarsu, aka sayo sababbin gasket aka haɗa. A gareji tana silo lafiya lau, amma da na ɗauki hanya, kafin in kai Jega allurar zafi ta haye. Yanzu an sake buɗewa. Bakanikena ya nuna mini cewa ramukan ruwa na bulok manya ne, na gasket kuwa ƙanana, wasu ma a toshe suke, ya ce zai huda su ya faɗaɗa domin ruwa ya sami hanya. Wani kuma ya ce mai yiwuwa an musanya tof ɗin dama da na hagu, ko an juya gaba ya koma baya. Maganar wa zan kama?” Daga wani direba a Birnin Kebbi.

Wa alaikumus salam, Malam direba. Allah ya sa iyakar wahalar ke nan. Idan na fahimce ka daidai, abubuwa biyu kake son a warware maka. Na farko, ko zai yiwu a ɗora tof silinda, wato murfin ƙarfen da ke rufe saman bulok ɗin inji, a inda ba wurinsa ba har injin ya tashi ya yi tafiya a haka. Na biyu, ko ƙanƙantar ramukan ruwan da ke jikin gasket, wato siririn faifan da ake sawa tsakanin bulok da tof, ita ce ke hana injin hucewa, har ya zama daidai a huda su. Tun kafin in shiga bayani ga abin da nake roƙonka: kada ka bari a sa abin huji a jikin gasket ɗin nan. Da gangan kamfani ya ƙanƙanta waɗansu ramukan ya kuma toshe waɗansu, domin su ne ke raba wa kowane silinda rabonsa na ruwa. Shi kuwa tof, a irin injinka da wuya ƙwarai ya zauna a ɓangaren da ba nasa ba. Abin da ya fi saurin zama a juye ba tare da kowa ya lura ba shi ne gasket ɗin kansa, kuma a nan nake son ku fi mayar da hankali.

Yadda ruwa ke zagaya cikin inji

Famfon ruwa yana ɗebo ruwan da ya huce a lagireto ya tura shi cikin bulok, inda yake zagaye silindoji. Daga nan sai ya haura sama ta ramukan gasket ya shiga tof, ya ratsa gefen bawul ɗin hayaƙi da mazaunin fulogi, wuraren da suka fi ko'ina ɗaukar zafi, sannan ya fita ta tiyon sama ya koma lagireto. Matsalar ita ce ruwa ba ya son doguwar hanya. Duk wanda ya taɓa ban ruwa a fadamar Argungu ya san cewa idan aka buɗe wa fangalin farko baki sosai, ruwan da injin ke turowa a nan zai ƙare, fangalin da ke can ƙurya ya zauna a bushe. Haka abin yake a cikin bulok. Da a ce duk ramukan gasket manya ne daidai da na bulok, ruwan zai haura ta ramukan da suka fi kusa da famfo ya fice zuwa lagireto, ya bar silindojin da ke nesa cikin ruwan da ba ya motsi. Ruwan da ba ya motsi a jikin ƙarfe mai zafi tafasa yake yi, tururi kuma ba ya ɗauke zafi kamar yadda ruwa ke ɗaukewa, saboda haka wurin sai ya ci gaba da gasuwa har fuskar tof ta lanƙwashe.

Girman ramukan bulok da na tof, a injuna da yawa, ya samo asali ne daga yadda ake ƙera su. Ana zuba narkakken ƙarfe a kan ƙullin yashi da aka siffanta da surar hanyoyin ruwa, dole kuma a bar ƙofofin da za su riƙe yashin a wurinsa, a kuma kakkaɓe shi ta nan bayan ƙarfen ya daskare. Injiniyan da ya tsara injin bai dogara da waɗannan ƙofofi wajen auna ruwa ba, gasket ya ɗora wa wannan aiki, domin ya fi sauƙi a daidaita girman rami a jikin faifai siriri. Shi ya sa za ka ga ƙaton rami a bulok, amma a gasket ɗan ƙaramin huji ne a tsakiyarsa. Waɗansu ƙananan ma ba don ruwa aka yi su ba, don tururi da iska su sami wurin fita ne kada su taru a ƙarƙashin tof.

Misalin da bakanikai suka fi sani a duniya shi ne injin V8 na Ford, 289 da 302, na Amurka. Gasket ɗinsa iri ɗaya ne dama da hagu, an buga masa kalmar FRONT a gefen da zai kalli gaba, manyan ramukan ruwa kuma suna can baya, domin a tilasta wa ruwan ya ratsa bulok har ƙarshe kafin ya haura ya dawo gaba ta cikin tof. Idan an ɗora su daidai, na ɓangare ɗaya zai yi kama da an kife shi, sai mai son kyan gani ya juya shi domin fuskokin su zama iri ɗaya. Da ya yi haka manyan ramukan sun koma gaba, injin kuma ya kama zafi alhali babu ɗigon ruwa da ke zuba ko'ina. Akwai wurin da huji yake halatta, kamar injin Chevrolet 400 wanda idan aka ɗora masa tof ɗin injin Chevrolet 350 sai an huda wa tof ɗin ƙananan ramukan tururi, amma wannan gyara ne sananne da ake yi idan an gauraya kayan injuna biyu, ana kuma bin ramukan gasket ɗin 400 ne wajen huda ƙarfen. Babu wanda ke huda gasket domin ya yi daidai da bulok.

Batun juya tof ko musanya shi

A injin mai silinda huɗu a jere, irin na Corolla, ba a iya juya tof gaba ya koma baya, domin taimin, wato bel ko sarƙar da ke juya kamshaf, yana gaba, hanyar shigar iska tana gefe ɗaya, ta hayaƙi tana ɗaya gefen. A tsofaffin injunan V8 na Amurka, waɗanda kamshaf ɗinsu, wato sandar da ke buɗe bawul, ke cikin bulok, tof biyun zubi ɗaya ne, na dama yana zama a hagu idan aka juya shi, sai dai a lura da inda na'urar auna zafi za ta shiga da ramin da za a toshe. Ina jin daga irin waɗannan injuna ne maganar musanya tof ta samo tushe, kuma ga su gaskiya ce.

Injinka ba haka yake ba. Kowane tof yana ɗauke da kamshaf biyu, kuma bakinsu dole ya fito ta gefen da taimin yake. Idan ka kai na dama hagu, ko dai hanyar hayaƙi ta kalli tsakiyar injin, ko kuma bakin kamshaf ya koma wajen giya inda babu bel ɗin da zai juya shi. Tunda motar ta tashi har ta kama hanyar Jega, ka cire wannan zargi daga ranka. Abin da zan tambaya a maimakonsa shi ne ko an canza ɗaya daga cikin tof ɗin da na Beljiyam, domin Sienna ba inji ɗaya take da shi ba. Ta 1998 zuwa 2003 tana ɗauke da 1MZ-FE mai lita 3.0, ta 2004 zuwa 2006 tana da 3MZ-FE mai lita 3.3, daga 2007 kuma aka koma 2GR-FE mai lita 3.5 wanda ke amfani da sarƙar taimin a maimakon bel. Na farkon biyu sun yi kama ƙwarai a ido, amma faɗin silindar 1MZ milimita 87.5 ne, na 3MZ kuwa 92, saboda haka gasket ɗin wannan ba na wancan ba ne. Ko a cikin 1MZ ɗin ma akwai mai VVT-i, wato na'urar da ke sauya lokacin buɗewar bawul, da maras shi. Lambar injin tana jikin bulok, da ita za a je wa mai sayar da kaya, kada a ce masa kawai “ba ni gasket ɗin Sienna”.

Akwai kuma wani juyi da yake faruwa a saman tof wanda bai shafi ruwa ba amma yana kashe inji, wato murafen da ke danne kamshaf. Kowanne yana da lamba da kibiya mai nuna gaba, kuma tare da tof ɗinsa aka huda shi a kamfani. Idan yara suka zube su wuri ɗaya a cikin kwanon fetur suka wanke, aka mayar da su yadda aka ga dama, kamshaf zai riƙa cijewa.

Inda ake yawan yin kuskuren

Gasket ɗin injinka biyu ne daban, an buga wa ɗaya harafin R, ɗayan kuma L, kuma harafin sama yake kallo idan an shimfiɗa shi a kan bulok. Abin da ke rikita mutane shi ne injin Sienna a gicciye yake kwance, saboda haka wanda ya tsaya a gaban mota ba ya ganin dama ko hagu, sai layin gaba da layin baya. Ana ƙidaya dama da hagun inji ne daga gefen giya ana kallon gefen taimin. Da wannan lissafi, layin da ke baya, kusa da bangon da ya raba inji da mazaunin direba, shi ne dama, gasket mai R nasa ne. Layin da ke gaba kusa da lagireto shi ne hagu, nasa mai L. Sauran kamfanoni ma suna da tasu alamar: a gasket ɗin Golf da sauran motocin Jamus za ka ga OBEN ko TOP a fuskar da za ta kalli sama.

Dalilin da ya sa kuskuren ke wucewa shi ne ramukan fistin da na kusoshi sau da yawa a daidaice suke ta kowace fuska, sai gasket ya zauna daram kamar wurinsa ne. Ramukan ruwa da na baƙin mai ne kaɗai suka bambanta, su kuma da zarar tof ya sauka a kai babu mai sake ganinsu. An taɓa kawo mini wata mota mai V6 daga wajen Koko wadda aka riga aka canza mata lagireto, aka haɗa fanka kai tsaye, aka cire tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan inji ya ɗumama, aka jefar, duk a banza. Babu kumfa a bakin lagireto, ruwa ba ya raguwa idan tana tsaye, mai bai gauraya da ruwa ba. Da na bar ta ta ɗumama na bi jikin tof da na'urar auna zafi ta hannu, irin mai jan haske, sai na ga ƙarshe ɗaya ya ɗara ɗayan zafi nesa ba kusa ba. Da muka buɗe, harafin L ne ke kallonmu a ɓangaren dama. A injin mai silinda huɗu kuwa abin ya fi muni idan aka kife gasket, domin ramin da ke kai baƙin mai sama yana iya toshewa, kamshaf ya yi ta juyawa a bushe har ya ci mazauninsa tun ba a bar gari ba.

Tunda an riga an buɗe injinka, shaidar tana hannunku. Ka tambayi wanda ya cire gasket ɗin wanne ya fito daga wane ɓangare, ku kuma duba fuskarsa da kyau, domin shatin ramukan bulok yana fitowa a jikinsa. Idan tsohon gasket na asali yana nan ba a jefar ba, ku ɗauko shi ku kalle shi a rana: za ku ga inuwar tsatsa mai faɗi daidai girman ramin bulok, a tsakiyarta kuma ɗan ƙaramin huji, a wani wurin ma inuwar ce kawai babu huji ko kaɗan. Wannan ya isa ya gamsar da bakanikenka cewa haka motar ta fito daga kamfani, kuma a haka ta yi shekaru tana tafiya ba ta zafi. Sai dai a kula, gasket ɗin da ya daɗe cikin ruwan rijiya ramukansa kan ci su faɗaɗa, kada a ɗauki wannan lalacewa a matsayin asali.

Kafin a sake rufewa

Gasket ɗin da aka ɗaure aka kwance ya gama aikinsa, ko da kuwa bai yi tafiyar awa ɗaya ba. Sabo za a saya, mai kyau, a ɗora shi a kan tsohon na asali a tabbatar rami ya hau kan rami. Sannan tunda injin ya sake yin zafi bayan gogewar farko, dole a sake auna fuskar tof biyun da ta bulok da miƙaƙƙen ƙarfe da siraran faifan awo, a tsaye da a gicciye da kusurwa zuwa kusurwa. Abin da ake yafewa a irin waɗannan injuna na alminiyam bai wuce tsakanin 0.05 da 0.10 na milimita ba, wanda ido ba ya gani, tafin hannu ma ba ya ji. Ba na son a riƙa mayar da tof wurin masu gogewa a kai a kai, domin duk gogewa tana rage masa tsayi, matsin silinda ya ƙaru, taimin ma ya ɗan goce.

A bulok akwai 'yan gajerun turaku biyu a kowane ɓangare da ke riƙe gasket da tof kada su zame. Sukan maƙale a jikin tof su fita, su ɓace a wurin gogewa, wasu kuma su haɗa injin babu su. Idan babu su gasket yana iya gocewa kaɗan, ƙaramin huji kuma gocewa kaɗan ta isa ta rufe shi. Ni abin da nake yi shi ne in shimfiɗa gasket a kan bulok, in ɗauki tocila da siririyar waya in bi ramukan ɗaya bayan ɗaya, in tabbatar kowane huji na gasket yana da hanya a ƙarƙashinsa, musamman na baƙin mai. Daga nan in ɗaga shi in kifa a fuskar tof yadda zai zauna, in sake bi. Aikin ba ya cin lokaci, kuma a nan ne ake gano ramukan da farin ƙasa da tsatsa suka cushe, waɗanda su ne ya kamata a tsokale a wanke, ba na gasket ba.

Gam kuma a ajiye shi gefe. Na san dalilin da ya sa ake shafa shi, tsoron yoyo ne, amma idan aka ɗaure kusoshi gam ɗin matsowa yake yi ya cika waɗannan ƙananan ramuka, ragowar kuma ta bi ruwa ta je ta toshe lagireto. Gasket ɗin tof a bushe ake sa shi a kan fuska mai tsabta. A busa ramukan kusoshi a fitar da ruwa da man da suka taru a ciki, domin ƙusa ba ta iya matse ruwa, sai ta nuna ta ɗauru alhali ba ta danne tof ba, wani lokaci ma bulok ya tsage. A 1MZ-FE ana ɗaure manyan kusoshin bi da bi bisa tsarin da littafin injin ya zana, a kai su 54 a ma'aunin Nm da sifana mai awo, sannan a ƙara wa kowace juyin digiri 90. Irin waɗannan kusoshi miƙewa suke yi idan an ɗaure su, saboda haka duk wadda ta sirance a canza ta. Idan injinka ba 1MZ ba ne, a nemi awon nasa, kada a ari wannan.

Idan aka tarar gasket daidai yake

Zai yiwu ku duba ku ga R yana dama, L yana hagu. To, sai a koma ga tambayar da ya kamata a yi tun farko: me ya ƙona gasket na farko? Gasket ba ya ƙonewa haka kawai, yawanci zafi ne ke kashe shi, kuma idan ba a kawar da abin da ya kawo zafin ba, sabon ma zai bi sahu. Yadda ka kwatanta, lafiya a silo amma zafi a kan hanya, ya fi nuna ruwa ba ya gudu yadda ya kamata ko lagireto ba ya iya sauke zafin da ake kawo masa. Matsalar fanka akasin haka take nunawa, zafi a tsaye da sauƙi a kan gudu. Lagireton da ya sha ruwan rijiya da na burtsatse shekara da shekaru yakan toshe daga ciki, ka taɓa shi ka ji wani sashe da zafi wani da sanyi. Famfon ruwa ma fukafukansa sukan cinye, yana juyawa amma ba ya tura komai, kuma tunda a 1MZ da 3MZ taimin bel ne ke juya shi, yanzu da injin ke buɗe ne lokacin duba shi.

Tamostat kuma a mayar da shi idan an cire. Na san a garuruwanmu ana cewa na ƙasashen sanyi ne, mu da muke ganin zafin da ya haura digiri 40 a watan Afrilu ba mu bukatarsa. Amma na irin injinka yana fara buɗewa ne a wajen digiri 82, kuma a injuna da yawa idan ya buɗe yana rufe wata gajeriyar hanya da ke mayar da ruwa cikin inji ba tare da ya je lagireto ba. Idan babu shi wannan hanya a buɗe take kullum, wani kaso na ruwan zafi yana ta zagaye a ciki. Yana da ɗan ƙaramin bawul a gefensa wanda dole ya kalli sama domin iska ta fita. Murfin lagireto ma ba ado ba ne: matsin da yake riƙewa, wajen 0.9 zuwa 1.1 a ma'aunin bar, shi ke ɗaga tafasar ruwa daga digiri 100 zuwa kusan 120, murfin da robarsa ta mutu kuwa yana barin ruwa ya tafasa da wuri. Wajen zuba ruwa a yi amfani da ruwan sanyaya inji na gaskiya, a zuba a hankali, a buɗe hita zuwa ƙarshen zafi, a bar injin ya ɗumama har tamostat ya buɗe ana ƙarawa. Sienna mai hitar baya tana da dogayen bututu da iska ke ɓuya a ciki, kuma iskar da ta maƙale ita kaɗai tana iya kawo duk abin da ka gani.

Ban ga motar ba, kuma daga nesa ba zan iya yanke maka hukuncin wanne ne daga cikin waɗannan ya same ta ba. Idan gasket ya zauna daidai, fuskoki sun miƙe, lagireto da famfo da tamostat duk lafiya, abin da ya rage shi ne tsaga a cikin tof, wadda sau da yawa ba ta buɗewa sai ƙarfe ya yi zafi. Ana gane ta ne ta hanyar toshe ramukan ruwa a hura iska mai matsi a cikin tof ɗin yana nutse a ruwan zafi, a ga inda kumfa ke fitowa. Ka nemi a yi wa tof biyun wannan gwaji tun suna ƙasa, kafin ka sake biyan kuɗin gasket da na aiki. Idan aka sami tsaga a ɗaya, a nemo wani mai lamba irin tasa a auna shi kafin a saya. Idan kuwa bulok ɗin ne ya lanƙwashe ko zaren kusoshinsa ya zube, sai ku zauna da bakanikenka ku kwatanta kuɗin gyaran da kuɗin saukar da wani injin gaba ɗaya.